Mashayar Unguwa Ta Canza Hannu: Me Aka Sayar, Me Aka Saya?

Yawanci da 'yar takarda guda abin ke farawa. Mutum ya taso daga aiki, ya biyo ta inda ya saba biyowa shekara ashirin, ya tura ƙofa ya ji ta gam. A jikin gilashi an manna takarda da salatif: mun rufe na ɗan lokaci, muna godiya. Ba a ce zuwa yaushe ba, ba a ce don me ba. Ya kara fuska ya leƙa. Kujeru na kife a kan tebura, hotunan bango na nan yadda suke, har kofin da 'yan ƙwallon unguwa suka ciyo yana zaune a bayan kanta. Kafin dare labari ya zaga cewa an sayar da wurin. Kafin ƙarshen mako an buɗe shafi a Facebook, ana tara sa hannu, ana zagin wani mutum da har yanzu ba wanda ya san fuskarsa.

Ko wanda bai taɓa taka ƙofar mashaya ba, ba shi kuma da niyyar takawa, yana da abin dubawa a nan, domin rigimar ba ta abin da ke cikin kwalba ba ce. Rigima ce a kan wurin da takarda ta ce na mutum ɗaya ne, alhali mutane ɗari suna jin nasu ne. A ƙasashen da mashayar unguwa ke da tushe, irin su Ingila da Amurka, nan ake taron zaman makoki bayan jana'iza, nan ake kallon ƙwallo, nan tsohon da matarsa ta rasu ke samun wanda zai tambaye shi lafiya. Da mashayar ta canza hannu sai tambayar da aka daɗe ana kauce mata ta fito fili: wai ma wa ke da wurin?

Kalmar "an sayar" ita ce farkon ruɗani, don mashaya ba abu ɗaya ba ce. Akwai gini da filin da yake kai. Akwai kasuwancin da ake yi a ciki, wanda sau da yawa na ɗan haya ne, ba na mai ginin ba. Akwai lasisin sayar da giya, wanda hukuma ke bayarwa kuma tana iya ƙwacewa. Ga suna, ga ma'aikata, ga basussuka. Kowanne yana iya kasancewa a hannu daban, kuma ana iya sayar da ɗaya a bar sauran. Mutumin da kwastomomi ke kira "mai wurin", wanda ke tsaye bayan kanta ya san sunan kowa da abin da kowa ke sha, wataƙila ba shi da ko bulo ɗaya a ginin. Wata rana shi ma a wasiƙa zai ji cewa an sayar, kamar kowa.

Ingila ta fi ko'ina nuna wannan. A da manyan kamfanonin giya ne ke da dubban mashaya, suna ba da su haya bisa sharaɗin ɗan haya ya sayi kaya daga wurinsu kaɗai. A 1989 gwamnati ta ce wannan ya yi yawa, ta tilasta wa duk kamfanin giya da ke da mashaya sama da 2,000 ya saki rabin abin da ya haura wannan adadi. Niyyar ita ce a buɗe kasuwa. Abin da ya biyo baya kuwa, an sayar da kare an sayi biri: wasu sababbin kamfanoni, irin su Enterprise Inns da Punch Taverns, waɗanda ba sa yin giya ko kaɗan, suka ciyo bashi mai nauyi suka kwashe mashayun, suka ci gaba da ɗaure 'yan haya da sharaɗin sayen kaya a hannunsu a kan farashin da ya fi na kasuwa. Sai a 2016 aka kafa ƙa'idar da ke sa ido kan kamfanonin da ke da irin waɗannan mashaya 500 ko fiye a Ingila da Wales. Kamfanin da bashi ya yi wa katutu ba ya kallon mashaya a matsayin wurin hira. Layi ce a cikin littafin kadarori, kuma duk layin da sayar da shi ya fi riƙe shi riba, sayarwa za a yi.

Nan ne lissafin da ke ƙarƙashin yawancin rigingimun yake. A unguwar da gidaje suka yi tsada, ginin mashaya yana da farashi biyu: farashinsa a matsayin mashaya, wanda ake aunawa da ribar da take kawowa, da farashinsa a matsayin filin da za a iya tayar da benen gidaje a kai. Na biyun yakan ninka na farko. Wanda ke son ci gaba da mashaya ba zai iya tayin da ya wuce abin da cinikin kanta zai iya biya ba. Wanda ke son rushewa ba shi da wannan takunkumi. Saboda haka idan aka ce mai tsada shi ke ɗauka, kusan kullum an san wanda zai ɗauka tun kafin a buɗe ambulan. Akwai ma wata dabara da wasu masu sayarwa suka yi amfani da ita: su rubuta a takardar ciniki cewa ba za a ƙara yin mashaya a wurin ba, don kada ta yi gogayya da wata tasu da ke kusa.

To idan doka ta ce sai an nuna cewa mashayar ba ta ja kafin a ba da izinin mayar da ita wani abu, ya ake yi? Sai a sa ta daina ja. Ba wuya. A rage awannin buɗewa, a rufe kicin, a bar rufi yana yoyo, a sa manajan wucin gadi da ba ruwansa da kowa, a tsawwala kuɗin haya yadda ba mai hankalin da zai karɓa. Bayan shekara a kai wa hukumar tsara gari takardu: ga shi, asara ake yi, mun saka ta a kasuwa ba wanda ya taya. Shi ya sa hukumomi da yawa ke neman shaidar cewa an tallata wurin da gaske, a farashin da ya dace da mashaya, na tsawon shekara guda ko biyu. Ba ina cewa duk mai cewa yana asara maƙaryaci ba ne. Mutane sun rage zuwa, giyar kanti ta fi araha, kuɗin wuta da haraji da albashi sun tashi, kuma akwai mashayun da suka mutu mutuwar Allah da Annabi. Wahalar ita ce daga waje mutuwa da kisa kama suke yi, kuma littafin ciniki yana hannun wanda ake zargi.

A Amurka abin da ake kokawa a kai sau da yawa ba gini ba ne, takarda ce. Bayan an ɗage haramcin giya a 1933, aka bar wa kowace jiha ikon tsara nata, wasu kuwa suka ƙayyade yawan lasisi. A New Jersey lasisin mashaya ɗaya ake bayarwa ga kowane mutum 3,000 na gari. A Boston majalisar jiha ce ke riƙe da adadin, har ta kai lasisi ɗaya na canza hannu a kan dala dubu ɗaruruwa, abin da ya sa a 2024 aka yi dokar ƙara wa birnin sababbi 225, akasarinsu ɗaure da wasu unguwanni don kada a kwashe su. Ka duba abin da wannan ke nufi ga 'yar mashayar lungu. Kujerunta da firjinta da sunanta gaba ɗaya ba su kai darajar takardar da ke rataye a bango ba. Babban gidan abinci a tsakiyar birni zai saye ta don takardar kaɗai, ya cire ta ya tafi da ita, ya bar wa unguwa kango. A takarda an sayar da mashaya. A zahiri lasisi aka saya, aka zubar da sauran.

Kuma lasisi ba ya bin ciniki haka kawai kamar makulli. A Kalifoniya sai an manna sanarwa a jikin ginin na kwana 30 don duk mai ƙorafi ya kai, kuma kuɗin cinikin yakan zauna a hannun wani amintacce na tsakiya har sai hukuma ta amince, a kuma sallami masu bin tsohon mai wurin bashi. A birnin New York mai neman lasisi sai ya sanar da kwamitin unguwa, kuma a zaman wannan kwamiti ne maƙwabta ke amayar da abin da ke cikinsu na shekara da shekaru. A Ingila, a ƙarƙashin dokar lasisi ta 2003, ana mayar da lasisin wuri zuwa sabon suna da yardar mai riƙe da shi, 'yan sanda kuma suna da kwana 14 su ce ba su yarda ba. Akwai tarko a nan da ya sha kama mutane: idan mai lasisin ya mutu ko kamfaninsa ya karye, lasisin ya faɗi, kuma kwana 28 kawai ake da su a farfaɗo da shi. Aka yi sake suka wuce, sai neman sabo daga tushe, da sababbin sharuɗɗa, da damar kowane maƙwabci ya kawo ƙorafi. Tsohon ɗan hayan da aka kora cikin fushi, idan lasisin na sunansa ne, yana da sandar da zai iya wahalar da sabon mai wuri da ita, ko da a ƙarshe ba zai hana komai ba.

Wani lokacin kuma rigimar ta cikin gida ce, ba ruwan kamfani ko hukuma. Abokai biyu sun buɗe wuri da musafaha kawai, ɗaya ya zuba kuɗi, ɗaya ya zuba ƙarfinsa. Ko uba ya rasu ya bar wa 'ya'ya huɗu, uku na son kuɗinsu, ɗaya kuwa a bayan kantar ya girma. Ko an yi wa manaja alkawari da baki cewa idan za a sayar shi za a fara yi wa tayi, ya yi ta tara kuɗi, sai ya ji an gama da wani. Masu fiƙihu suna da babin shufu'a, inda abokin tarayya ke da ikon karɓe kason da aka sayar wa bare a kan kuɗin da aka saya. A dokokin waɗannan ƙasashe irin wannan fifiko yawanci sai an rubuta shi a yarjejeniya, kuma alkawarin baki a kan sayar da fili ko gini ba ya da ƙarfi sosai a gaban alƙali. Irin wannan shari'a takan ci shekaru, mashayar kuwa tana rufe, bututu na tsatsa, kwastomomi na sabawa da wani wuri.

Mutanen unguwa fa, me doka ta ba su? Ingila ta gwada wani abu a dokarta ta 2011 kan ba ƙananan hukumomi da al'umma iko. Mutum 21 da ke cikin rajistar zaɓe ta yankin suna iya haɗuwa su nemi a saka mashaya a jerin kadarorin da ke da amfani ga al'umma. Idan an saka ta, sunanta zai zauna shekara biyar. Mai ita ya tashi sayarwa, dole ya sanar. Al'umma na da mako shida su ce suna so, idan sun faɗa kuma sai a dakatar da ciniki har wata shida don su nemo kuɗi. Sai dai a lura da iyakar abin. Dama ce ta yin tayi, ba ikon saye ba. Wata shida na cika, mai kaya yana iya sayar wa wanda ya ga dama a farashin da ya ga dama. Sannan akwai ƙofofin baya: idan an sayar da mashayar tana aiki, a matsayin kasuwanci mai ci gaba, dakatarwar ba ta hau ba, haka ma idan hannun jarin kamfanin da ya mallaki ginin aka sayar maimakon ginin kansa. Sikotland ta ɗan fi zurfafawa, don dokarta ta 2003, wadda aka faɗaɗa zuwa birane a 2015, tana ba al'ummar da ta yi rajista fifikon saye a farashin da mai ƙiyasi ya yanke. A 2025 an gabatar da ƙudiri a majalisar Birtaniya na kusantar da Ingila ga wannan tsari.

Duk da rauninta, dokar ta yi aiki a wasu wurare. Mashayar Ivy House da ke Nunhead a kudancin Landan, an sayar da ita ga mai son mayar da ita gidaje a 2012, aka rufe ta cikin 'yan kwanaki. Mutanen unguwa suka yi sauri suka sa aka shigar da ginin cikin na tarihi, suka yi amfani da sabuwar dokar, suka haɗa rance da tallafi da hannun jarin jama'a suka saye ta a 2013, suka buɗe a wannan shekarar. Tun kafin dokar ma, a 2003, mutanen ƙauyen Hesket Newmarket a arewacin Ingila sun kafa ƙungiyar gama-kai sun sayi tasu, Old Crown. Yau irin waɗannan sun haura ɗari a Birtaniya. Amma a kula da irin unguwar da ke iya wannan. Sai wadda ke da lauya da akanta da mai iya rubuta takardar neman tallafi a cikin mazaunanta, da mutanen da za su iya ajiye fam ɗari biyu ba tare da sun ji a jikinsu ba. Unguwar talakawa, wadda ta fi buƙatar wurin haɗuwa, ita ce ta fi kasa cika wata shida da kuɗi a hannu.

Akwai kuma masu gajen haƙurin da ba sa jiran takarda. Mashayar Carlton Tavern a yankin Kilburn na Landan, ginin farkon shekarun 1920 ne da ya tsira daga ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu. Mai shi ya nemi izinin rushewa ya gina gidaje, hukumar Westminster ta ƙi. A Afrilun 2015, ana gab da saka ginin cikin jerin na tarihi, sai katafila ta iso ba tare da izini ba. Lissafin a bayyane yake: a rushe, a biya tara, a ci gaba. Hukumar ta ƙi karɓar wannan ciniki, ta ba da umarnin a sake gina shi yadda yake, bulo bisa bulo. Aka ɗaukaka ƙara, aka faɗi. An ci sa'a masu kula da gine-ginen tarihi sun riga sun ɗauki hotuna da bayanan ginin, don haka ba wanda zai ce ya manta kamanninsa. A Afrilun 2021, shekara shida bayan rusau, aka sake buɗe shi a hannun sababbin masu gudanarwa. A tsakanin nan, a 2017, Ingila ta toshe kafar da a da ke barin a rushe mashaya ko a mayar da ita kanti ba tare da neman izini ba.

Crooked House kuwa, a Himley kusa da Dudley, labarinta ya fi ɗaci. Gidan gona ne na 1765 da ya koma mashaya, haƙar ma'adinai ta sa ƙasa ta zaftare a ƙarƙashinsa har gefe ɗaya ya fi ɗaya nutsewa da sama da mita guda, mutane na zuwa daga nesa don su ga ƙwallon gilashi kamar yana gangarawa sama. Kamfanin Marston's ya sayar da ita a Yulin 2023. Daren 5 ga Agusta wuta ta cinye ta, bayan kwana biyu aka baje abin da ya rage. 'Yan sanda sun ce suna ɗaukar gobarar a matsayin wadda aka tayar da gangan. A Fabrairun 2024 ƙaramar hukumar ta ba da umarnin a sake gina ta cikin shekara uku, masu wurin suka ɗaukaka ƙara. Yadda ake gina karkataccen gida da gangan, alhali ƙasa ce ta karkatar da shi a hankali cikin shekaru, wannan tambaya ce da magina za su sha fama da ita.

Sai dai waɗannan su ne na jarida. Mafi yawan lokuta ba katafila ba gobara. Wani ne kawai ya saya, ya rufe wata uku yana gyara, ya rataya ƙyalle: mun dawo, da sabon shugabanci. A ganina nan ne ainihin shari'ar take, ba a kotu ba.

Sabon mai wuri yana shigowa da nauyin da tsohon bai ɗauka ba. Tsohon ya gama biyan bashinsa tun tuni, ko yana kan tsohuwar haya mai sauƙi, shi ya sa yake iya sayarwa da araha, ya bar mutum ya zauna awa uku a kan kofi ɗaya. Sabon ya saya a farashin yau, da rancen banki, ya kuma tarar da wayoyin wuta da bututu da banɗakin da dole a gyara kafin masu duba gini su sa hannu. Ba shi da zaɓi, sai kowace kujera ta kawo kuɗi fiye da da. Daga nan ne abinci mai tsada ke shigowa, a fitar da teburin sunuka don a sami wurin tebura huɗu, farashi ya ɗaga. Tsofaffin kwastomomi su ce an kore su da dabara. Shi kuma ya ce da cinikinku ya isa, da ba a sayar ba. Abin haushin shi ne duka biyun gaskiya suke faɗa.

Kuma fushin yakan sauka inda bai kamata ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kamfanin da ya sayar yana can wani birni, ba wanda ya san ƙofar ofishinsa. Magadan da suka raba kuɗi sun watse. Wanda ake gani kullum shi ne sabon mai wuri, tsaye bayan kanta da murmushin dole, don haka shi ake ƙaurace wa, shi ake zubar wa tauraro ɗaya a intanet tun bai buɗe ba. Sau da yawa ma ba shi ya sayi ginin ba, haya ya karɓa daga wanda ya saya, ya zuba ajiyarsa ta shekaru a rigimar da bai san farkonta ba. Ba ina wanke kowa ba ne. Akwai masu karɓar wuri suna sane da cewa an zalunci wani a kansa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma kafin a yanke wa mutum hukunci, ya kamata a san wane guntu na mashayar ya shigo hannunsa, daga wa, kuma da wane sharaɗi.

Ma'aikata su ne ma'aunin da ya fi saurin nuna halin sabon mai wuri. A Birtaniya dokar 2006 ta ce idan kasuwanci ya koma wani hannu yana aiki, ma'aikata na binsa da albashinsu da shekarun aikinsu. A yawancin jihohin Amurka wanda ya sayi kayan kasuwanci ba dole ba ne ya ɗauki kowa. Amma ko inda doka ba ta tilasta ba, mai wayo yana riƙe matar nan da ta shekara goma sha biyar tana hidima a wurin. Ita ta san wanda ba a ƙara masa bayan kofi uku, ta san mutum biyun da ba a zaunar da su kusa da juna, ta san wanda idan kwana biyu ba a gan shi ba sai a aika a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan sani ba ya cikin jerin kayan da lauyoyi suka ƙirga. Ranar da aka sallame ta, rabin abin da aka biya kuɗi a kai ya bi ta ya fita.

Domin a takardar ciniki akwai wani layi da ake sa wa kuɗi, wanda ake nufin farin jinin wurin da sabon da mutane suka yi da shi. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa, mai saye ya biya. Amma wannan abu ba a hannun mai sayarwa yake ba balle ya miƙa. Yana cikin ƙafafun mutanen da ke zuwa, waɗanda ba su sa hannu a komai ba, ba a ba su ko sisi ba, kuma su suka gina shi da shekarunsu. Idan suna cewa "wurinmu ne", ta fuskar doka ba su da hujja, ta fuskar tattalin arziki kuwa suna da ita ƙwarai: wani ya sayar da sabonsu ba da saninsu ba. Abin da ya rage musu kawai shi ne su ƙi zuwa. Makami ne mai kaifi biyu, don idan ƙauracewar ta yi nasara, sabon mai wuri ya karye, to sun rubuta wa mai ginin shaidar da yake nema da hannunsu, cewa mashaya ba ta ja a nan.

Akwai kuma ɓangare na uku da masu fafutuka ba sa son a ambata, wato maƙwabtan da suka yi hamdala da aka rufe. Wanda tagarsa ke kallon ƙofar mashaya, ya sha hayaniyar tsakar dare da fasassun kwalabe da fitsari a jikin katanga, wata ukun gyaran nan shi ne barcinsa mafi daɗi cikin shekaru. Shi ma ɗan unguwa ne. Zai je zaman lasisi ya nemi a rage awanni, a hana kiɗa, a rufe farfajiyar baya da wuri, kuma kowane sharaɗi yana yanke wani abu daga cinikin sabon mai wuri. Ingila ta sa wata ƙa'ida a tsarin gine-ginenta a 2018: wanda ya zo daga baya ya gina gidaje kusa da wurin da dama ake hayaniya, shi zai ɗauki nauyin toshe ƙarar. Tana kare tsohuwar mashaya daga sabon bene. Ba ta ce komai a kan tsohon maƙwabci da sabuwar mashaya mai lasifika ba.

Daren buɗewa ba ya nuna komai. Kowa na zuwa, har waɗanda suka rantse ba za su taka ba, don su ga abin da aka ɓata. Za su duba ko an bar sunan, ko hotunan bango na nan ko an maye su da waɗanda aka sayo a kasuwar tsofaffin kaya don wurin ya yi kama da mai tarihi. Da sabon gini gara yaɓe, amma masu zane ba sa jin wannan, sukan kankare ainihin tsufan su shafa na kanti. Wani zai tambaya ina littafin bashin da ke ƙarƙashin kanta, sai a ce masa yanzu da kati ake biya. Wani zai tarar an sa alamar "an kama" a kan teburin da ya shekara ashirin yana zama ba tare da ya taɓa kama shi ba.

Abin dubawa shi ne wata Talata da yamma, mako na bakwai ko na takwas, ana yayyafi, masu ɗaukar hoto sun koma wani sabon wuri. Mutumin nan da ya tura ƙofa ya ji ta gam ya sake biyowa ta layin, ya rage sauri, ya leƙa. Kujerar da ya saba an canza mata fata, an kuma matsar da ita kusa da taga. Matar bayan kanta ta ɗago kai ta kira sunansa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana karanta sabon farashi a allo, hannunsa ɗaya a aljihu yana lissafi.